Shekara 35 a cikin kaki: Baba ya ce Auta ya shiga, Mama ta ce ba da yawunta ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, sai dai ku yi haƙuri da tsawon zancen. Mahaifinmu ya ajiye aikin ɗan sanda a 2024 bayan ya cika shekara 35 cif. Ya shiga kurtu a 1989 a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, lokacin Muhammadu Gambo Jimeta ne Sufeto Janar. Lafiya aka fara tura shi, tun tana cikin Filato, kafin a yanke Nasarawa a 1996. Daga nan sai Shendam, sai Mangu, sannan aka dawo da shi Jos a 1999, kuma a nan ya ƙarasa aikinsa, yana zagaye caji ofis na cikin gari. Ya daɗe da igiya biyu a kafaɗa, ya daɗe da uku, ya yi sufeto har muka zaci a nan zai tsaya. Muƙamin ASP, wato mataimakin sufurtanda, da ya fita da shi bai same shi ba sai da ya rage masa shekara uku.

A bariki aka haife ni, ɗaki ɗaya da falo, mu bakwai. Na buɗe ido na ga Mama tana goge masa kaki da dutsen guga na gawayi tun kafin kiran sallar asuba, a sanyin Disamba na Jos, tana hura wutar da baki don kada toka ta zuba a kan rigar. Idan ya fita ba ta cewa sai ka dawo, sai dai ta ce Allah ya tsare, ta tsaya a bakin ƙofa har ya sha kwana.

To yanzu autanmu ya gama sakandare, shekararsa 19, ya ce shi aikin ɗan sanda yake so. Baba ya ce ya sa masa albarka. Mama ta ce ita ta riga ta ba wa kaki ƙuruciyar mijinta, ba za ta ƙara masa da ɗa ba. Kwana huɗu ke nan gidan babu daɗi. Ni ce babba, kowa ni yake kira. Me kuka gani?

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam. Anti, tambaya ɗaya: Baba ya gina gida?

Maman Ilham: Ya gina ɗaki uku a Rikkos, shekara goma sha ɗaya ana yi. Har yau babu filasta a waje.

Ɗan Gangare: To ai Mama ta fi kowa gaskiya. Mutum ya yi shekara 35 yana kwana a titi, ƙarshe ɗaki uku babu filasta. Yaron ya je Katako ya koyi sayar da katako, ko ya shiga 'yan waya. Cikin shekara biyar zai wuce nan.

Sabo Direba: Ni dai ba zan ce komai a kan Babanku ba don ban san shi ba, Allah ya ba shi lafiya. Amma shekara 16 nake jan mota Jos zuwa Abuja, ta Hawan Kibo, Akwanga, Keffi. Kafin na bar tasha sai na canza dubu biyu zuwa ƙananan kuɗi na ajiye a gefen giyar mota, kowa a motar ya san na mene ne. Akwai ranar da na ɗauko wata mata mai naƙuda, aka tsayar da mu a wani shinge, takarduna cikakku, aka ce na faka. Matar tana nishi a baya, mijinta yana roƙo, mutumin ko kallonsu bai yi ba sai da na miƙa. Idan yaron nan ya shiga, ko dai ya zama irin wannan, ko kuma abokan aikinsa su tsane shi. Wanne kuke so masa?

Maman Ilham: Malam Sabo, ban musa maka ba. Baba da kansa yana faɗin irin wannan. Ya taɓa yin wata takwas a shinge, ya roƙi a cire shi, aka mai da shi kanta. Mama ta ce a watannin nan ne kaɗai ta ga yana dawowa gida ba ya son haɗa ido da kowa.

Dung na Bukuru: Bari na sa baki, don ina jin na san wanda ake magana a kansa, ko da ba zan kira suna ba. Idan ba shi ba ne, to irinsa ne.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ina aji biyu a sakandare, muna haya a wani gida kusa da Bauchi Road, mu kaɗai ne Kiristoci a gidan. Rikici ya tashi daga unguwar Kongo Rasha bayan azahar, kafin magariba hayaƙi ya rufe gari. Babanmu yana wurin aiki bai iya dawowa ba. Maigidan da muke haya, wani tsoho mai sayar da hula, ya shigar da mu ɗakin matarsa ya ja labule. Muka kwana biyu a nan. Ranar Lahadi da safe sai ga wani saje ya shigo, ba mota, ba bindiga, kulki ne kawai a hannunsa. Ya gaisa da tsohon, ya ce ya san akwai mutane a ciki don ya san kowane gida a layin. Aka ba mamana hijabi, ni aka sa mini hular tsohon. Sajen ya riƙe hannun ƙanwata, ya ce mu bi shi kada mu yi sauri. A bakin layi akwai samari da sanduna da adduna. Wallahi da sunayensu ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wannan jikin mahaifiyarsa, yana ce wa wancan ya gaishe da babansa. Suka dare muka wuce. Na ji hannun mamana yana rawa a kafaɗata har muka isa inda sojoji suke.

A kwanakin nan kusan mutum dubu suka mutu a Jos. Mu huɗu ba mu shiga lissafin ba. Yau ina da 'ya'ya uku. Don haka idan ana maganar filasta, ni ban iya auna abin da wannan ma'aunin ba.

Maman Ilham: Yaya Dung, na karanta wa Baba. Ya yi shiru, sai ya ce a kwanakin nan ya fitar da gidaje da yawa, ta wannan ɓangaren da wancan, ba zai iya tuna fuskoki ba. Ya ce a tambaye ka ko tsohon mai hular yana da ɗan gurgun ƙafa.

Dung na Bukuru: Yana da shi. Ƙafar hagu. Allah ya jiƙansa, ya rasu tuntuni. Ki ce wa Baba ɗansa na Bukuru yana gaishe shi, zan zo har gida.

Abu Huzaifa: Na yi murna da labarin Dung, kuma ba na son na ɓata shi. Amma tunda an buɗe wannan shafin, a buɗe shi duka. A rikicin Nuwamba 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, an sa dokar hana fita, aka kuma ba da umarnin harbi. Ranar Asabar da safe wasu masu kaki suka shigo layinmu. Yayana yana tsakar gida yana alwala, tela ne, bai taɓa riƙe ko wuƙar yanka kaza don faɗa ba. Suka fito da shi da wasu samari biyu. Mun ji ƙarar daga ɗaki. Butar tana nan inda ya ajiye ta, ruwan bai gama tsiyayewa ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2009, ta lissafa fiye da mutum 130 da jami'an tsaro suka kashe ba bisa ƙa'ida ba a wancan rikicin. An kafa kwamitin bincike na Bola Ajibola, kamar yadda aka kafa na Niki Tobi bayan 2001 da na Fiberesima bayan 1994. Mu dai babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce ga wanda ya yi, ga hukuncinsa. Anti, ba na zargin mahaifinki. Amma ki faɗa wa ƙanenki cewa rigar da yake sha'awa, akwai gidajen da idan aka gan ta yara ke shigewa ƙarƙashin gado.

Hajiya Asabe: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Maman Ilham: Amin. Malam, wallahi na yi kuka. Ba ni da abin cewa sai Allah ya bi masa haƙƙinsa.

Shugaban Zaure: Allah ya gafarta wa duk waɗanda muka rasa. 'Yan uwa, a ci gaba, amma ban da zagin ƙabila ko addini. Na goge saƙo biyu, masu su sun san kansu.

Mama Talatu: 'Yata, ni matar ɗan sanda ce, mijina ya rasu a bakin aiki yana kofur. 'Yan fashi suka harbe shi a kan hanya, shi da abokin aikinsa. Ba a cika shekara ba aka ce mu fita daga bariki, wani zai shiga ɗakin. Na yi shekara huɗu ina yawo da fayil a leda, yau a ce babu takardar mutuwa ta asali, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Da tuyar masa na rene su biyar. Mamarki ba ƙin ɗanta take yi ba. Ta san abin da ake ji idan aka ƙwanƙwasa ƙofa ƙarfe biyun dare. Ku bi ta a hankali, kada ku taru ku mai da ita marar fahimta.

Barista Hauwa: Mama Talatu, Allah ya saka miki. Bari na ɗan yi bayani a kan fansho, don shi ne tushen fushin yawancin tsofaffin 'yan sanda. A 2004 aka kawo dokar fansho ta karo-karo, aka zuba ma'aikatan tarayya a ciki har da 'yan sanda, sai waɗanda ya rage musu shekara uku ko ƙasa da haka. Daga baya aka cire sojoji da jami'an leƙen asiri, aka bar 'yan sanda. A dokar 2014 ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari, gwamnati kashi 10. Matsalar a fili take: abin da za ka samu ya dogara da abin da ka tara, wanda kuwa ya yi shekara ashirin yana karɓar albashin kofur da saje, me ya tara? Shi ya sa a Yuli 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su daga tsarin. Dattawa ne masu furfura, wasu da sanda a hannu.

Tsohon tsarin ma an ci amanarsa. Badaƙalar kuɗin fanshon 'yan sanda ta fito fili a 2012, biliyoyin naira. A Janairu 2013 kotu a Abuja ta ba ɗaya daga cikin jami'an zaɓin biyan tarar naira 750,000, ƙasa ta ɗauki kuka, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta sake hukuncin daga baya. Duk ƙaramin ɗan sanda da ke tsaye a shinge ya san wannan labarin. Ba ina wanke shi ba ne, Malam Sabo. Amma yana kallon sajensa na jiya yana gadi a ƙofar wani otal, sai ya ce bari na tara nawa tun da wuri.

Sabo Direba: Barista, mai naƙudar nan ita ta ci kuɗin fansho?

Barista Hauwa: A'a, kuma wanda ya tsayar da ku ya yi laifi, babu kwana-kwana. Ina nuna maka inda ruwan ya fara tsami ne.

Maman Ilham: Abin da ke shiga wa Baba duk wata ba ya sayen buhun shinkafa. Mu muke haɗa masa kuɗin maganin hawan jini.

Mai Kaki: Ina cikin aikin yanzu, shekarata ta shida, ku yi haƙuri ba zan faɗi inda nake ba. Kakin da ke jikina da kuɗina na ɗinka, takalmin ma haka. Idan mai ƙara ya zo aka ce ya sayi takarda ko ya zuba mai a mota, mutane na ɗauka duk cuta ce. Wani lokaci cuta ce. Wani lokaci kuwa wallahi motar sintirin babu ko ɗigo, kuma idan ba mu je ba gobe a ce mun ƙi zuwa. Muna yin awa goma sha biyu, wani lokaci a haɗa maka da ta dare. Bayan zanga-zangar EndSARS a Oktoba 2020 na yi wata guda ina sa kaki a jaka, sai na isa ofis na canza.

Duk da haka ban yi nadama ba. Watan jiya mun gano wata yarinya 'yar shekara huɗu da ta ɓata kwana biyu. Yadda uwar ta zube a gaban kanta ta kama ƙafar ogana, ban taɓa ganin irinsa ba. Ni dai shawarata, idan zai shiga, kada ya shiga ta ƙasa kamar mu. Ya nemi makarantar Wudil.

Malam Iliya Ticha: Wannan shawara ce mai kyau. Makarantar 'yan sanda ta Wudil a jihar Kano tana ba da digiri, shekara biyar ake yi, ta hanyar JAMB ake nema, kuma mutum na fitowa da muƙamin ASP. Wato inda Baba ya kai bayan shekara 32, nan yaron zai fara. Idan kuwa kurtu zai shiga, ana neman shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, tsawo mita 1.67 ga namiji. Kuma kada ya ba kowa ko sisi da sunan za a sa shi a jeri. Hukumar kula da aikin 'yan sanda ce ke da ikon ɗauka, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2023 bayan doguwar jayayya tsakaninta da ofishin Sufeto Janar.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin Dung. Ku lura, ba ƙarfi ne ya fitar da su ba. Sajen ya san layin, layin ya san shi. Kakanninmu sun zauna da 'yan doka na En'e, waɗanda ɗan gari ne ke tsaron garinsu, kafin gwamnatin Gowon ta haɗe su da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. An soke su ne da dalili, domin an yi amfani da su an musguna wa 'yan adawa, ku tambayi duk tsohon ɗan NEPU. Sai dai da aka zubar da su an zubar har da sanin gari. Yau sai a kawo DPO daga wata jiha, bai san bambancin Unguwar Rogo da Unguwar Rukuba ba, kafin ya gane wa ke faɗa a ji a Dilimi an ɗauke shi.

Ɗan Gangare: To Malam, 'yan sandan jiha kake so ke nan? A Filato? Ka yi tunani da kyau. Wa zai ɗauke su aiki, 'ya'yan wa za a ɗauka? Mu da har yau ake jayayya da mu a kan takardar shaidar ɗan asalin jiha?

Dung na Bukuru: Mu kuma a ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi da Bokkos ana kashe mutane cikin dare, a kira, sai gari ya waye a zo ɗaukar gawa. Idan ka ce wa mutumin can ya jira umarni daga Abuja, me kake so ya ji? Tsoronka gaskiya ne, nawa ma gaskiya ne.

Malam Iliya Ticha: Ban ce jiha ko tarayya ba. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya kafa rundunar ƙasa guda, sauya shi kuwa aikin majalisu ne. Abin da nake cewa ƙarami ne: ko wa ke biyan albashi, a bar mutum ya daɗe a wuri har ya san shi. Tun 2010 muke da rundunar haɗin gwiwa ta sojoji a Filato, kuma sun hana abubuwa da dama. Amma soja ba ya sanin wane yaro ne ya fara bin 'yan sara-suka a satin nan. Saje mai shekara goma a unguwa ya sani.

Abu Huzaifa: Wannan na yarda da shi. Waɗanda suka shigo layinmu ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, kafin ranar ko bayanta.

Maman Ilham: Baba ya ce na rubuta masa wannan, yana faɗa ina bugawa.

"Ina gaishe ku duka. Ɗana Abu Huzaifa, ina yi maka ta'aziyya, ko da an makara shekara da shekaru. Ina cikin gari a ranar. Ban yi harbi ba, amma na ga gawarwaki a layuka, na kuma san ba duka ne 'yan rikici suka kashe ba. Na faɗa wa na gaba da ni, aka ce na kama bakina, na kama, domin ina da 'ya'ya biyar a bariki. Wannan yana cikin abin da nake roƙon Allah gafara a kai. Ba zan ce maka kakin nan fari ne ba.

"Malam Sabo, na karɓi na goro a shinge, wata takwas. Ba ni nake miƙa hannu ba kullum, amma idan aka raba da yamma ana ba ni, ina karɓa. Abin da na saya da kuɗin bai yi albarka ba, na kuwa gane da wuri.

"Abin da ya sa na ce yaron ya shiga: ina da littattafan aljihu goma sha huɗu a akwati. Babu sirrin gwamnati a ciki. Sunayen masu unguwa ne, da limamai, da fastoci, da shugabannin 'yan goyin, wato 'yan acaɓa, kafin a hana su, da mahauta na 'Yan Shanu, da masu shayi. Yawancin ɓarayin da na kama, mai shayi ne ya fara gaya mini, don ina zama a bencinsa na biya kuɗin shayina. Faɗa nawa na kashe tsakanin miji da mata, tsakanin mai gida da ɗan haya, ba a rubuta ko ɗaya ba, ba a kuma ƙara wa kowa igiya saboda su. Ranar bam na kasuwar Taminus, 20 ga Mayu 2014, ina wurin. Na farko ya tashi muka ruga, muna cikin ɗaukar mutane na biyu ya tashi, ya kashe waɗanda suka zo taimako. Fiye da mutum ɗari suka tafi. Na ɗauki wata mata mai sayar da tumatir da na sani da suna, zaninta na cin wuta, na kashe da hannuna. Tabon yana nan. Ta rayu, har yau idan na bi ta kasuwa sai ta cika mini leda.

"Idan duk mai tsoron Allah ya hana ɗansa, su wa za su rage a ciki? Su ne za su tsayar da Malam Sabo, su ne za su shiga layin Abu Huzaifa. Yaron nan na lura da shi tun yana ƙarami, ba ya cin zali, ba ya tsoro. Amma ba zan tura shi ba sai uwarsa ta yarda, domin ita ta biya abin da ban biya ba."

Abu Huzaifa: Baba, na gode. Tun 2008 kai ne mai kaki na farko da ya ce mini ya gani. Zan karanta wa mahaifiyarmu.

Sabo Direba: Allah ya ƙara girma, Baba. Ban taɓa jin wanda ya amsa da bakinsa ba. Amma ina nan a kan bakana, tsarin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kai ma sai da ka karɓa.

Barista Hauwa: Tsarin yana da ƙarfi, amma doka ta ɗan ba mutane abin riƙewa yanzu, sai dai ba a sani ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uwa don ɗa ya gudu. Ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Beli kyauta ne, kuma mace na iya tsaya wa mutum. Sau da yawa ina shiga caji ofis, da na ambaci sashen sai murya ta sauka. Jami'in da ya yi shekara biyar yana karatu ya san waɗannan kafin ya sa tauraro, kuma shi ne zai zama DPO wata rana. DPO ɗaya na iya gyara ofis guda, na gani da idona, haka kuma yana iya lalata shi cikin wata ɗaya.

Ɗan Gangare: Ni har yanzu da ƙanena ne ba zan bari ba. Amma Anti, maganar filasta da na yi, a ba Baba haƙuri. Ina da yara masu aikin gini, a turo mini awon bangon, siminti ne kawai za ku saya.

Hajiya Asabe: Wani ya tambayi yaron kuwa? Duk muna ta magana a kansa. Me ya gani a aikin?

Maman Ilham: Na tambaye shi, Hajiya. Ya ce tun yana firamare idan suka bi ta Masallacin Juma'a da Baba ba sa yin taku goma ba a tsayar da su an gaisa ba, Hausawa, Birom, Inyamurai masu shago, kowa. Ya ce yana son ya zama mutumin da ake jin sanyi idan an hango shi. Na ce masa akwai waɗanda ke jin akasin haka, na ba shi saƙon Malam Abu Huzaifa ya karanta. Ya daɗe riƙe da wayar.

Mama Talatu: 'Yata, ki turo mini kwatancen gidan ta saƙon sirri. Zan zo na zauna da mamarki, mu biyu, ba da maza ba. Ba zan ce mata ta yarda ba, ba zan ce ta ƙi ba. Akwai abin da ba ta faɗa muku.

Maman Ilham: Na dawo da bayani bayan kwana uku. Mama Talatu ta zo, sun shige ɗaki tun bayan azahar har la'asar ta wuce, sun fito idanunsu jajir. Yaya Dung ma ya zo ranar Lahadi da yamma da matarsa da buhun dankali, shi da Baba suka zauna a ƙofar gida har aka kira isha'i.

Mama ta ce kurtu dai a'a, ko ana ɗauka kyauta. Wudil kuwa ta ce ya rubuta JAMB tukuna, idan ya ci a sake zama, ba ta yi alkawari ba. Ta kuma ce ya sa jami'ar Jos a zaɓi na biyu. Auta ya amince. Jiya da daddare Baba ya buɗe akwatin ya ba shi littafi na farko, na Lafiya, 1990, takardun duk sun yi ja. Na bar su a falo yana nuna masa sunan wani mai unguwa.

Malam Iliya, lissafinsa ne ke da rauni, da ƙyar ya samu kiredit. Ko ka san inda ake darasin yamma mai kyau a wajen Rikkos ko Bauchi Road?

Malam Iliya Ticha: Ki turo shi wurina ranar Asabar ƙarfe huɗu, ya zo da tsofaffin takardun jarrabawarsa na ga inda yake tuntuɓe.